Tsakanin Ƙauye da Sakatariya: Ina Ƙaramar Hukuma Ta Shiga a Ƙasar Sakkwato?

Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244. A cikinsu guda biyu ne kaɗai za a kira na birni zalla, wato Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu. Wamakko da Kware da Dange Shuni birni ya fara cin gefensu, amma da ka ɗan nutsa ciki ƙauye za ka tarar. Sauran kuwa, tun daga Gudu da Tangaza har Isa da Sabon Birni, tun daga Illela da Gada a bakin iyakar Nijar har Kebbe da Tureta a kudu, ƙasar manoma ce da makiyaya: gero da dawa da wake a tudu, shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadama, jar akuya da shanu da raƙuma a tsakani. Mafi yawan mutanen jihar a nan suke kwana suke tashi. A takarda kowane ɗayansu yana da kansila, yana da ciyaman, yana da sakatariyar da aka gina dominsa. A zahiri kuwa, mutumin ƙauye zai iya cinye shekara bai ga wani aiki da zai nuna da yatsa ya ce wannan na ƙaramar hukumarsa ne ba. Wannan giɓi nake son mu duba, domin a ganina yawancin wahalar karkarar Sakkwato daga cikinsa take fitowa.

Bukatun ƙauye ba su da tsada. Kwalbati a kan rafin da ke raba gari da kasuwa da damina. Famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace a gyara shi kafin mata su koma ɗibar ruwan tafki. Rufin aji biyu da iska ta yaye. Malamin asibiti da zai kwana a garin, da maganin zazzaɓin cizon sauro a cikin kabad ɗinsa. Malamin dabbobi da zai zo da allurar rigakafi kafin ciwo ya shiga garke. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai a ɗaga wa Abuja hankali, kuma kundin tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora irinsu a wuyan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahotonta na 2022 a kan talauci mai fuskoki da dama, Sakkwato ce ta zo kan gaba da kusan kashi 91 cikin ɗari, alhali ƙasa baki ɗaya tana kan kashi 63. Ma'aunin nan bai tsaya ga kuɗin aljihu ba, ya ƙirga ruwan sha da makewayi da zuwan yara makaranta da nisan asibiti. Ke nan kusan duk abin da aka auna aka samu Sakkwato a baya, aikin da doka ta rataya wa ƙaramar hukuma ne ko kuma tana da hannu a cikinsa.

Ƙasar nan ba baƙuwar tsarin mulkin karkara ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya ɗauki zaunar da jama'a a garuruwa a matsayin ginshiƙin mulki. Ya kakkafa ribaɗoɗi a bakin iyaka, ya tura 'ya'yansa da manyan mabiyansa su zauna a cikinsu, shi kansa a Wurno ya tare har Allah ya karɓi ransa a 1837. A cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da manoma da masu sana'a, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, a cikin haƙƙoƙin da ke kan shugaba. Daga baya Marafa Muhammadu Maiturare ya yi irin wannan aiki a Gwadabawa, ya buɗe dazukan arewa, ya zaunar da manoma, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Abin lura a wannan tsari shi ne mai mulkin gari a cikin garin yake zaune. Idan an kawo hari yana ciki, idan fari ya zo rumbunsa ma ya ji.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ba su rushe wannan gini ba, sai suka ɗora nasu a kansa. Aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace da uban ƙasa, ƙarƙashinsa hakimai masu riƙe da ƙauyuka kamar yadda ake kiransu a Sakkwato, ƙarƙashinsu masu unguwanni. Aka kafa baitulmali, aka yanka wa masu sarauta albashi. Wannan hukuma, wato En'e ta Sakkwato, ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a Arewa, tana da 'yan doka da alƙalai da gidan yari da makarantun elemantare da ɗakunan shan magani da duba-gari. Sir Ahmadu Bello ma daga nan ya taso, domin a 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah, ya yi shekaru yana tara haraji yana sauraron ƙararrakin talakawa kafin ya zama Sardauna.

Kada kowa ya yi wa wannan zamani ado. En'e hukuma ce mai nauyin hannu. Manomi yakan sayar da gero tun yana kaka, lokacin da ba shi da daraja, don ya biya haraji. Bafillace yakan tsere da shanunsa cikin dare don gudun jangali. Akwai aikin tilas, akwai gaisuwa da kuɗi, akwai bulala, kuma talaka ba shi da ƙuri'ar da zai cire wanda ya zalunce shi. Wannan ne ya sa Abubakar Tafawa Balewa ya gabatar da ƙudurin neman a gyara tsarin En'e a majalisar Arewa a 1950, shi ne kuma abin da jam'iyyar NEPU ta gina gwagwarmayarta a kai. Amma akwai gaskiya guda da ba a cika faɗa ba: En'e daga gumin ƙauye take ci, saboda haka dole ta san ƙauye. Malamin haraji ya san yawan magidanta a kowace unguwa. Uban ƙasa ya san inda fari ya yi ɓarna, don zai shafi abin da zai kai baitulmali. Idan ciwon shanu ya ɓarke, hukuma ce ta farko da za ta yi asara. Sanin nan ba na tausayi ba ne, na bukata ne, amma dai sani ne.

Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. Sai babban gyaran 1976, lokacin mulkin Janar Obasanjo, wanda ya kawo tsari iri ɗaya ga ƙasa duka: ƙananan hukumomi 301, kowace da zaɓaɓɓiyar majalisa, kowace da kaso daga asusun tarayya, sarakuna kuma aka mayar da su masu ba da shawara. Manufar kyakkyawa ce, a kawo gwamnati kusa da jama'a, a ba talaka ƙuri'ar da En'e ta hana shi. A 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, kafin a jima kuma abin ya zama tarihi a kusan dukkan Arewa. Gwamnonin Jamhuriya ta Biyu ba su yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, sai dai suka yi ta ƙirƙiro sababbi suna naɗa na hannun damansu. Janar Buhari ya mayar da adadin 301 a 1984, ya kuma kafa kwamitin sake duba tsarin a ƙarƙashin Alhaji Ibrahim Dasuƙi, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1988. Daga nan adadin ya yi ta hawa, 589 a 1991, sai 774 a 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga Sakkwato bayan an cire Kebbi a 1991.

A cikin wannan jerin shekaru akwai juyin da ya fi kowane nauyi, kuma ya faru ba tare da hayaniya ba. Kuɗin hukuma ya daina tasowa daga ƙasa zuwa sama, ya koma gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Soke haraji rahama ce ga talaka, ba mai musun haka. Sai dai tun daga ranar da ƙaramar hukuma ta daina dogaro da manomi, ta daina bukatar saninsa. Ko damina ta yi kyau ko ta yi muni a Binji ko Silame, kason wata zai zo daga kuɗin mai. Shi ma manomin ya daina jin cewa kuɗin nan nasa ne. Ba a karɓa daga aljihunsa ba, saboda haka in an ba shi buhun taki yakan ɗauka kyauta ce, in an hana shi ya ce rabonsa ne bai tsaga ba. Hukumar da a da take matsa wa ƙauye lamba ta koma hukumar da ta manta da ƙauye, kuma mantuwa ita ma tana kisa.

A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68, ban da kashi 35 da ƙananan hukumomi ke samu daga harajin kayayyaki na VAT. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 adadin nairorin da ake rabawa ya ƙaru sosai. To amma sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya ce kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Nufin masu rubuta dokar shi ne jiha ta zuba nata kason a kai sannan a raba. Abin da ya faru a kusan kowace jiha akasin haka ne. Ana cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho, wanda dole ne. Ana cire kason masarauta da na hukumomin jiha iri-iri. Sannan a zo ga abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, inda a babban birni ake zaɓar aikin, a zaɓi ɗan kwangila, a biya shi da kuɗin ƙananan hukumomi. Abin da ya rage wa ciyaman sau da yawa bai wuce na gudanar da ofis da sallamar 'yan siyasa ba. A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta hana cire fiye da naira 500,000 a rana da hannu daga asusun ƙananan hukumomi, gwamnoni suka garzaya kotu, kuma ƙauye bai ga wani canji ba.

Ga kuma zaɓe, wanda a ganina shi ne tushen cutar. Hukumar zaɓen jiha ce ke shirya shi, gwamna kuma shi ke naɗa shugabanninta. A zaɓen 2021, lokacin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, PDP ta lashe dukkan kujerun ciyaman 23. A zaɓen watan Satumban 2024, lokacin Gwamna Ahmed Aliyu, APC ta lashe dukkan 23 ɗin tare da kansiloli 244. Mutanen su ne dai, ƙauyukan su ne dai, kuma a babban zaɓen 2023 jam'iyyun nan biyu sun yi kankankan a jihar. Ba yadda za a yi jihar da ke rabuwa kusan biyu a zaɓen gwamna ta zama baki ɗaya a zaɓen kansila, har a rasa mazaɓa guda da ta saɓa. Ba Sakkwato kaɗai ke da wannan hali ba, haka ake yi a Kano da Katsina da Legas da Ribas, kuma babbar jam'iyyar adawa kan ƙaurace wa zaɓen tun kafin ranar saboda ta san sakamakon. Duk ciyaman ɗin da ya hau kujera ta wannan hanya ya san wanda ya ɗora shi, ya kuma san wanda zai iya sauke shi. Ba mutanen Balle ba ne, ba mutanen Gidan Madi ba ne. Idonsa yana gidan gwamnati, ƙafarsa ma can take.

Shi ya sa koke guda yake yawo a bakin mutanen karkara: shugabanninsu a birni suke zaune. Ciyaman yana da gida a Sakkwato, 'ya'yansa suna makaranta a Sakkwato, manyan daraktocinsa ma haka. Sakatariya takan cika ne idan albashi ya kusa ko in wani babba zai kawo ziyara. Ban ɗora laifin duka a kansu ba. Mutumin da sa hannun fitar da kuɗinsa yake ma'aikatar ƙananan hukumomi dole ya yi zaman jira a can, kuma a gabashin jihar kwana a hedikwata ya zama sayar da rai. Amma sakamakon ɗaya ne, wanda bai kwana a gari ba ba zai san rijiyar da ta ƙafe ba.

A harkar noma ne wannan rashi ya fi fitowa fili. Allah ya hore wa Sakkwato fadamar Rima da ta gulbin Sakkwato, inda ake noman rani tun kafin zuwan injin ban ruwa. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa fiye da cubic mita miliyan 900, kuma tana hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ta gwamnatin tarayya. Taki da iri da taraktoci suna hannun ma'aikatar gona ta jiha da shirye-shiryen Bankin Duniya irin su Fadama. Ƙaramar hukuma tana da sashen gona, amma sau da yawa suna ne kawai da tebur. Manomin albasa a Wurno ko Kware ko Goronyo ba ya neman a koya masa noma, ya gada. Abin da ke karya shi shi ne hanyar da mota za ta shiga ta kwaso kaya, da rumbun ajiya mai shan iska da zai hana albasa ruɓewa har ta yi daraja, da rumfa a kasuwa, da wanda zai gaya masa gaskiyar ranar da za a saki ruwan dam. A watan Satumban 2010 ambaliyar Rima ta cinye gonaki da ƙauyuka a Goronyo da Gada da Wurno da Kware da Silame, har ta tafi da gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Gadar jami'a kowa ya gan ta a jarida. Ƙananan kwalbatoci da hanyoyin burji da suka tafi a ƙauyuka ba mai lissafinsu, kuma su ne ke kan wuyan hukumar da ba ta da kuɗin gyara su.

Kasuwanni irin su Illela da Achida suna tara dabbobi da hatsi na miliyoyin naira kowane mako. Ana yankar rasit a ƙofa, ana karɓar kuɗin rumfa da na lodi. A nan kaɗai ne har yau kuɗi ke tasowa daga ƙasa, kuma a nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya tsaya ya tambayi inda kuɗinsa ya shiga, tunda ga kwata ta toshe, ga babu ruwan da dabbobi za su sha. Da aka rufe iyaka daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Illela ta ji jiki a duka biyun.

Sai maganar ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar filayen karkara, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo. Iko ne babba da aka ba hukuma mai rauni. Burtali da makiyaya da mashaya, waɗanda dokar Jihar Arewa ta 1965 ta nemi karewa, an yi ta gutsurarsu ana mayarwa gonaki, wani lokaci da sa hannun masu sarauta, wani lokaci da na jami'an hukuma. Jama'a sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba, hamada kuma tana matsowa daga arewa. Rigimar da a da uban ƙasa da arɗo da alƙali za su kashe a zaure ɗaya, sai ta rasa mai kashe ta. Ban ce wannan ne kaɗai ya haifi 'yan bindiga ba, akwai makamai da suka kwararo daga Sahel, akwai zinare a Zamfara, akwai zaluncin 'yan sa-kai da ramuwar gayya. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya biyo baya mutanen gabashin Sakkwato sun fi kowa saninsa. Harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a 2018. Harin kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, inda aka kashe mutane fiye da 40. Katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 a wannan shekarar. A Sabon Birni da Isa ƙauyuka da dama sun koma biyan kuɗi ga 'yan bindiga kafin su yi shuka ko girbi. Wato harajin da aka soke ya dawo, sai dai wanda ke karɓarsa ba ya gina ko aji ɗaya. A watan Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan ya yi makonni a hannun masu garkuwa. Idan uban ƙasa guda zai mutu a daji yana roƙon a cece shi, mai unguwa a ƙaramin ƙauye ya san matsayinsa. A Tangaza da Gudu kuma, masu bincike sun nuna cewa 'yan bindigar da ake kira Lakurawa sun fara samun gindin zama ne tun wajen 2018, lokacin da wasu al'ummomi suka karɓe su don su kare su daga ɓarayin shanu. Daga baya suka koma karɓar zakka da ƙarfi suna yanke hukunci. Tsaro ba aikin ƙaramar hukuma ba ne a doka, na tarayya ne. Amma jama'ar da ke da hukuma mai ji a kusa da su ba za su miƙa wuyansu ga baƙo mai bindiga don neman mai raba musu gardama ba.

Masu sarauta su ne har yanzu suke kwana da talakawa, su ake tasa da dare idan an yi haihuwa mai wuya ko an ga baƙuwar fuska. Da su aka ci nasarar rigakafin shan inna bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci sarakunan Arewa a kan lamarin. Duk da haka kundin 1999 bai ba su wani aiki ba ko na layi ɗaya. A watan Afrilun 2024 gwamnatin jiha ta tuɓe uwayen ƙasa 15, a watan Yuli kuma aka sa hannu a gyaran dokar da ta mayar da ikon naɗa uwayen ƙasa da hakimai hannun gwamna, majalisar Sarkin Musulmi ta tsaya ga ba da shawara. Gwamnati ta ce ta daidaita doka ne da abin da aka daɗe ana yi. Masu suka suka ce an rage darajar gidan Shehu Usmanu Danfodiyo. Ni abin da ya fi damuna bai tsaya ga darajar fada ba. Ciyaman ya riga ya zama mai kallon gidan gwamnati. In uban ƙasa da hakimi ma rawaninsu ya koma rataye a can, to babu sauran wani mai faɗa a ji a karkara da zai iya gaya wa gwamna abin da ba ya son ji.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnoni 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kwamitocin riƙo da kantomomi haramtattu ne. An yi murna, kuma murnar tana da dalili. Sai dai an shafe fiye da shekara ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE tana kukan ba a aiwatar da hukuncin yadda ya kamata ba. Jihohi kuma suka yi rige-rigen shirya zaɓe don cika sharaɗi, zaɓen da aka san yadda ya kaya. Ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora, ko an zuba masa kuɗin a asusunsa kai tsaye, zai iya mayar da su inda aka umarce shi da hannunsa.

Ya kamata kuma a tuna an taɓa gwada wannan hanya. Gwamnatin Janar Babangida ta riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta ɗaga kasonsu har zuwa kashi 20 a 1992, ta kuma miƙa musu ragamar ilimin firamare a 1991. Cikin ɗan lokaci malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya rufe makarantu, har aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Wannan ne ya sa ƙungiyar malamai ta daɗe tana ɗari-ɗari da 'yancin ƙananan hukumomi, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Gwamnoni ma suna da hujja guda mai ƙarfi: akwai ƙananan hukumomin da albashinsu ya kusa cinye kasonsu, asusun haɗin gwiwa ne ke ɗebo daga mai ƙarfi ya rufa wa mai rauni asiri. Duk mai son gyara na gaskiya dole ya amsa wannan, ba ya wuce shi da kirari ba.

Maƙwabtanmu na tsallaken Illela sun bi wata hanya. Nijar ta raba ƙasarta zuwa ƙananan hukumomi fiye da 260, ta yi zaɓensu na farko a 2004, kuma hukumar zaɓe ta ƙasa ce ta riƙa shirya shi, shi ya sa aka riƙa samun magajin gari daga jam'iyyar adawa. Kuɗinsu kaɗan ne ƙwarai, yawanci daga harajin kai da na kasuwa da taimakon ƙungiyoyin waje, amma majalisar ta riƙa zama a garin, manomi kuma ya san wanda ya karɓi kuɗinsa. A watan Afrilun 2024 gwamnatin Janar Tiani ta rushe majalisun ta naɗa kantomomi. Su suna da kusanci ba kuɗi, mu muna da kuɗi ba kusanci, kuma a ƙasashen biyu mai iko a sama yana iya share zaɓin ƙauye da sa hannu ɗaya.

Gyaran da zai taɓa ƙauye dole ya fara daga zaɓe. Ko a miƙa shi ga hukumar zaɓe ta ƙasa, ko a cire naɗin hukumar jiha daga hannun gwamna shi kaɗai. Wannan yana bukatar gyaran kundin tsarin mulki, wanda sai majalisun jihohi 24 sun amince, kuma a nan ne ƙudurin 'yancin ƙananan hukumomi ya faɗi a farkon 2023. Saboda haka 'yan majalisar dokokin jiha da ke wakiltar Gudu da Kebbe da Sabon Birni su ne ya kamata a tsare da tambaya idan sun zo neman ƙuri'a, a ji ɓangaren da za su ɗaga wa hannu. Albashin malamai da ma'aikatan lafiya a ware shi tun daga tushe don kada a maimaita 1991. A rubuta aikin uwayen ƙasa da hakimai a doka, musamman sasanta rikicin gona da burtali, a kuma sa sharuɗɗan tuɓe su yadda ba za su zama abin wasan kowace sabuwar gwamnati ba.

Akwai kuma abin da ba ya jiran Abuja ko gyaran kundi. Tun 2004 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma, har yau kuma alƙaluman suna fita duk wata, amma da Turanci, a jarida da intanet, inda manomin Tureta ba zai gan su ba. Gidan rediyon Rima da gidajen rediyo masu zaman kansu na Sakkwato za su iya karanta su da Hausa da Fulfulde a ƙarshen kowane wata, hukuma bayan hukuma. Majalisar dokokin jiha za ta iya wajabta wa kowane ciyaman ya manna kasafinsa a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, ya kuma zauna da mutanen kowace mazaɓa a fili kafin damina, su faɗi aiki ɗaya da suka fi bukata a wannan shekara, a rubuta shi da kuɗinsa da sunan ɗan kwangilar da aka ba. Ƙungiyoyin ci gaban gari, da limamai, da ƙungiyoyin manoman albasa da shinkafa, da ɗaliban karkara da ke karatu a jami'a da kwalejojin birni, duk suna da bakin da za su nemi a yi haka tun daga kasafin shekara mai zuwa.